Dauɗar Kunne Ba Ƙazanta Ba Ce

   

Jama'a masu saurare, yau a filinmu na kiwon lafiya a kan kunne za mu yi magana. Amma kafin mu shiga, ina neman alfarma guda. Duk wanda yake jin muryata yanzu da tsinken ashana a hannunsa, ko gashin kaza, ko murfin biro, ko makullin mota, ko wannan tsinken mai auduga a kai da ake sayarwa a shago, yana juya shi a kunne yana lumshe ido, don Allah ya ajiye shi tukuna, ya ba ni aron kunnen nasa.

Susar kunne ta zame mana jiki. A majalisa ana yi, a tasha ana yi, a ofis ana yi. Uwa in ta gama yi wa jaririnta wanka, sai ta naɗa ƙyalle a kan tsinken tsintsiya ta bi kunnuwansa ɗaya bayan ɗaya. Ba da mugun nufi take yi ba, tsafta take nema, kuma mun tashi mun ji ana cewa tsafta cikon addini ce. Sai dai abin da muke ta farauta ɗin nan, wato dauɗar kunne, ba datti ba ne da ya shigo daga waje. Jiki ne da kansa yake yin ta, kuma da dalili yake yin ta.

Bari mu leƙa cikin kunnen. Ramin kunnen babban mutum, daga bakinsa zuwa dodon kunne, tsawonsa kimanin santimita 2 da rabi ne kacal. Kashi ɗaya cikin uku na wannan rami, ɓangaren da ke kusa da waje, guringuntsi ne, fatarsa tana da ɗan kauri da 'yan gasusuwa. A nan ne kaɗai ake yin dauɗar kunne. A ƙarƙashin fatar wurin akwai wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna iri biyu, ɗaya mai fitar da maiƙo, ɗaya kuma dangin masu fitar da gumi. Abin da suka fitar sai ya cakuɗe da matacciyar fatar da ke saɓulewa da 'yar ƙurar da ta shigo, shi ne ya zama abin da muke gani. Sauran kashi biyun na ciki kuwa ƙashi ne, fata siririya ƙwarai ta lulluɓe shi, ba a yin dauɗa a can ko kaɗan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To mene ne amfaninta? Ku tuna yadda hunturu yake yi mana, ƙura ta rufe gari, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Fatar cikin kunne ba ta tsagewa haka, saboda wannan maiƙon yana shafe da ita dare da rana. Ƙurar da iska ta kwaso, a jikinsa take maƙalewa, ba ta isa ga dodon kunne. Ruwan wanka in ya shiga, maiƙon ba ya barinsa ya jiƙa fata, sai ya gangaro ya fita. Sannan tana da ɗan tsami-tsami wanda ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin zama a cikinsa. Shi ya sa mutumin da ya fi kowa ƙwaƙule kunne, sau da yawa shi ne ya fi kowa fama da ƙaiƙayin kunne. Ya kwashe man da ke kare fatar, fata ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, ya sake sosawa, ta ƙara bushewa. Haka zai yi ta zagaye shekara da shekaru, yana zaton datti ne yake damunsa.

Wani zai ce, to in ba a cire ta ba, ai taruwa za ta yi ta cika kunne. A nan ne hikimar Ubangiji ta fi ba ni mamaki. Fatar da ke cikin ramin kunne ba a tsaye take wuri ɗaya ba, tafiya take yi. Daga tsakiyar dodon kunne take farawa, ta riƙa matsowa waje a hankali a hankali, kusan gwargwadon yadda farce yake tsirowa, tana ɗauke da tsohuwar dauɗa da duk abin da ya maƙale mata. Duk lokacin da ka tauna abinci ko ka yi magana, motsin muƙamuƙi yana ƙara tura ta. In ta iso bakin kunne sai ta bushe ta faɗi, wani lokaci kana barci, wani lokaci wurin wanka, ba ka ma sani ba. Kunne da kansa yake share kansa, tun daga haihuwa har tsufa.

Launinta ma kada ya tayar wa kowa da hankali. Wata ruwan ɗorawa ce, wata ruwan ƙasa, wata har ta yi baƙi-baƙi, galibi wadda ta daɗe ce ta fi duhu. Akwai kuma bambanci na gado. Mu mutanen Afirka da Turawa, tamu mai danshi ce mai danƙo. Yawancin mutanen gabashin Asiya, irin su Sin da Koriya da Japan, tasu busasshiya ce mai gari-gari. A shekarar 2006 masu bincike a Japan suka gano cewa ƙwayar halitta guda ɗaya ce take raba wannan da waccan. Don haka danƙon dauɗar kunnenka ba alamar ƙazanta ba ce, gadonka ne daga iyaye da kakanni.

Yanzu mu koma kan tsinke. In ka tura tsinken auduga cikin kunne ka zaro shi, ka ga kansa ya yi ja-ja, sai ranka ya yi fari, ka ce ka fitar da datti. Abin da ya biyo audugar kaɗan ne. Mafi yawa ka danna shi ciki, ka kai shi wancan ɓangaren na ƙashi inda bai kamata ya je ba. Yau ka danna, gobe ka danna, sai ya dunƙule ya yi tauri a gaban dodon kunne, ya toshe hanya. Da yawa daga masu zuwa asibiti da kukan kunne ya toshe, da hannunsu suka toshe shi.

Wannan ke nan. Na biyu, fatar can ciki ba ta jure gogayya. Tsinken ashana ko gashin kaza yana yi mata 'yar ƙujewa da ido ba ya gani, kuma ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar cuta ta bi ta nan, ramin kunne ya kumbura, ko taɓa fatar kunnen aka yi sai mutum ya yi ƙara. Da damina, lokacin da danshi ya yi yawa, wani irin fumfuna yakan tsiro a ciki, mai tsananin ƙaiƙayi. Gashin kazar da aka tsinta a tsakar gida kuwa, kowa ya san inda kaza take kwana da abin da take tonawa.

Na uku shi ne dodon kunne kansa. Siririyar fata ce ƙwarai, tsinke kuma ba ya gani. Kana cikin susa yaro ya faɗo maka a kafaɗa, ko mota ta faɗa rami, shi ke nan, an huda. A Amurka an ƙirga yara sama da 260,000 da aka kai sashen gaggawa na asibitoci tsakanin 1990 da 2010 saboda raunin da tsinken auduga ya yi musu a kunne, kuma yawancinsu su ne da kansu suke riƙe da tsinken. Yaro abin da ya ga babba yana yi shi yake kwaikwaya. Iyaye, in kuna ajiye waɗannan tsinkaye a kan madubi inda hannun yara yake kaiwa, ku ɗauke su yau.

Na san akwai daɗi, ba zan musa ba. Jijiyoyi ne masu yawa a wurin, har akwai wadda take da alaƙa da maƙogwaro, shi ya sa wasu in suna susar kunne sai tari ya kama su. Amma daɗin minti ɗaya bai kai a saya da ji ba.

To yaya za a tsaftace kunne? Abin da muke yi a alwala ya isa misali: shafa da yatsa mai danshi, ciki da bayan kunne, ba tare da ɗura ruwa ba. Bayan wanka a sa tsumma mai tsafta a goge fatar kunne da bakin ramin. Inda yatsa ya tsaya, nan aikinka ya tsaya. Jariri ma haka, iya abin da ido ya gani a waje za a goge.

Gaskiya ne akwai waɗanda dauɗar takan taru musu ko da ba su taɓa kunne ba. Tsofaffi, saboda tasu takan ƙara bushewa da shekaru. Masu ƙaramin ramin kunne. Masu sa na'urar taimaka wa ji, da samarin nan da 'yan mata da abin sauraron waya ba ya barin kunnensu. Alamarta ita ce kunne ya yi dum, ji ya ragu, wani lokaci da ƙara a ciki, musamman bayan wanka, don ruwa yana kumbura ta. Mai wannan larura zai iya ɗiga man zaitun mai tsafta, ɗigo 2 ko 3, sau biyu ko uku a rana, na kwana 3 zuwa 5, ya kwanta a kan ɗaya gefen na 'yan mintoci don man ya ratsa. Sau da yawa takan yi laushi ta fito da kanta. Amma ku ji sharaɗin da kyau: ba a ɗiga komai a kunnen da yake ciwo, ko yake zubar da ruwa, ko aka taɓa cewa dodonsa ya huje, ko aka taɓa yi masa aiki. In man bai yi ba, a je asibiti. Ma'aikacin lafiya zai haska ya gani da idonsa, sannan ya wanke da ruwa mai ɗumin jiki, ko ya zuƙe da na'ura. Kada a kwaikwayi wannan a gida da sirinji. Ruwan da ya yi sanyi ko ya yi zafi yana jawo jiri mai tsanani, domin abin da ke daidaita tsayuwar mutum a cikin kunne yake. Mai ciwon sukari kuwa ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa kunnen, saboda ƙaramin rauni a kunnensa yana iya zama babban ciwo.

Jama'a masu saurare, yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai. Mun sa wa dauɗa ido, wadda ba ta yi mana laifin komai ba, mun kawar da kai daga abin da yake kurumtar da 'ya'yanmu a gabanmu, wato kunne mai zubar da ruwa ko mugunya. A unguwa za ka ga yaro da ruwa yana gangarowa daga kunnensa, ƙudaje na bin sa, an cusa masa auduga, an ce ai zai bari in ya girma. Wannan ba dauɗa ba ce. Dauɗa ba ta gangarowa kamar ruwa, ba ta jiƙa matashi, ba ta wari mai tashi. Wannan ciwo ne.

Ga yadda yake faruwa. A bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska, inda ƙasusuwa uku 'yan ƙanana suke miƙa sauti zuwa ciki, ɗaya daga cikinsu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Wannan ɗaki yana da wata 'yar hanya da ta sauka bayan hanci. A jikin yara hanyar gajera ce kuma a kwance take, don haka in yaro ya yi mura, ƙwayar cuta ba ta shan wahalar hawa. Sai mugunya ta taru a ɗakin, ta matse dodon kunne. Yaro ya kwana yana kuka, jiki ya yi zafi, yana jan kunne, ya ƙi nono. Can sai a wayi gari a ga ruwa a kan zanin gado, yaro kuma ya yi shiru ya sami barci. Uwa ta ce alhamdu lillahi, ciwo ya fashe, an huta. Hajiya, ba a huta ba. Dodon kunnen ne ya fashe, zafin ya lafa ne don mugunyar ta sami hanya. In aka kai shi asibiti a wannan lokaci aka ba shi magani, galibi hudar takan rufe da kanta cikin 'yan makonni. In aka bari, ruwan ya wuce mako biyu yana zuba, to ya fara zama ciwo mai daɗewa, hudar ta ƙi rufewa, ƙasusuwan nan su fara lalacewa.

Irin wannan yaro shi ne zai je makaranta malam yana magana ba ya kamawa. A gida a kira shi sau uku bai amsa ba, a ce kunnen ƙashi gare shi, a makaranta a ce daƙiƙi ne, wani lokaci har a haɗa masa da bulala. Alhali yaron ba ya ji ne sosai, kuma bai san yadda zai faɗa ba, don shi a ganinsa haka kowa yake ji. Wannan abin tausayi ne ƙwarai. Kuma ciwon ba ya tsayawa kan ji kaɗai. Yana iya cin ƙashin da ke bayan kunne, yana iya taɓa jijiyar fuska baki ya karkace, yana iya hawa har ƙwaƙwalwa. Duk yaron da bayan kunnensa ya kumbura yana zafi, ko ciwon kunne ya haɗu da matsanancin ciwon kai, ko amai, ko sanƙarewar wuya, a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

Kafin a isa asibiti, abin da uwa za ta iya yi shi ne tsane kunnen. Ta sami ƙyalle mai laushi mai tsafta, ta murza bakinsa ya yi siriri, ba tare da tsinke a ciki ba, ta sa a bakin kunnen ya tsotse ruwan, ta cire ta sa wani, har ya bushe, sau uku a rana. Kada a toshe kunnen da auduga a bar ta wuni. Kada a tatsa nono a ciki, kada a matsa ruwan albasa ko tafarnuwa, kada a zuba man ja, balle kananzir. Duk abin da aka zuba, ta hudar nan zai bi ya shige ciki. Ko maganin ɗigawa na kemis kada a saya da ka, domin akwai waɗanda in suka ratsa hujajjen dodon kunne suna iya lalata jin gaba ɗaya. Lokacin wanka a shafa wa 'yar auduga man basilin a toshe bakin kunnen, a cire da an gama. Wankan kududdufi da rafi kuwa a dakatar da shi har sai likita ya ce kunne ya warke. Maganin da aka rubuta a shanye shi duka, ko da ruwan ya tsaya a kwana na biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kauce masa. Hanyoyin kuma ba masu tsada ba ne. Nonon uwa zalla na wata shida yana rage ciwon kunne. Hayaƙin taba da hayaƙin itace a rufaffen ɗaki suna ƙara shi, don haka maigida mai shan taba ya fita waje, mai girki kuma ta nisanta goyonta da murhu gwargwadon iko. Sai allurar rigakafi. Ƙyanda tana kurumtarwa. Sanƙarau kuwa mu a wannan yanki mun san shi farin sani, dattawa ba su manta annobar 1996 ba, wadda ta kashe dubban mutane a arewacin Najeriya. Cikin waɗanda suka tashi daga sanƙarau, akwai da yawa da suka tashi ba ji. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar a lokaci guda. In masu rigakafi sun zo, a fito da yara. Wanda kuma ya warke daga sanƙarau, a kai shi a gwada jinsa da wuri, kada a jira sai an lura.

Yara kan cusa abubuwa a kunne: wake, ƙwayar masara, dutsen ado, tsakuwa. Kada a bi shi da tsinke, ƙara tura shi za a yi. Kada a zuba ruwa a kan wake ko masara, kumbura za su yi. In kuwa ɗan ƙaramin batirin agogo ne ya shiga, wannan gaggawa ce, don yana ƙona nama cikin 'yan sa'o'i. Kyankyaso ko wani ƙwaro in ya shiga da dare yana motsi, in kunnen lafiyayye ne, a ɗiga man zaitun ya mutu, gari na wayewa a je a cire shi. Sannan mari. Malamai da iyaye, tafin hannu in ya sauka a kan kunne, iskar da ya danna tana iya fasa dodon kunne nan take. Kada a mari yaro a kunne, kada a mari kowa.

A can ƙuryar kunne akwai wani abu mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyin ji kimanin 15,000. Wadda ta mutu ba ta dawowa. Ƙara mai tsanani ita ke kashe su, a hankali, ba tare da zafi ba. Mai injin niƙa, mai walda, mai kwana kusa da janareta, wanda ya zauna gaban lasifika a wurin biki, duk abin ya shafe su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ga ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, ƙarar wurin ta yi yawa. In ka bar wurin kunnenka yana shuuu, ya riga ya wahala. Masu irin wannan sana'a su nemi abin toshe kunne na roba, ba shi da tsada. Samari, a rage ƙarar waya, kada ta wuce kashi 60 cikin 100, a kuma riƙa cirewa ana hutar da kunne. Akwai magunguna ma da ke taɓa ji, irin su allurar jentamaisin da kwinin, masu amfani ne a hannun likita, masu haɗari ne a hannun wanda bai san ƙa'idarsu ba.

Wanda ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya, kada ya ce dauɗa ce ya zauna yana ɗiga mai. Ya je a duba cikin kwana ɗaya ko biyu, don akwai irin wannan da maganinsa ba ya aiki sai an fara da wuri. Jaririn da ba ya firgita in an buga ƙofa, ko ya kai wata shida ba ya waiwayar murya, ko yaro ya kai shekara biyu ba ya faɗin kalma, a kai shi a gwada jinsa.

A fara da asibitin da ya fi kusa, su za su tura mutum sashen kunne, hanci da maƙogwaro in da buƙata. Akwai wannan sashe a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, sannan a Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999 musamman don wannan aiki. 'Yan uwanmu na Nijar su nemi manyan asibitocin Yamai da Damagaram. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, a riƙa sauraron sanarwar asibitoci a wannan lokaci.

Lokaci ya cim mana. Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi.